Kulli Biyu a Hanyar Wurno

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane a firamaren ƙauyenmu, can gefen Marnona. Da ya ajiye alli bai daɗe ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni na kwaso 'ya'yana biyu na dawo gida jinya: in juya shi, in wanke shi, in ba shi kunu da cokali. A rediyo kullum sai ka ji ana cewa gwamnati ba ta manta da tsofaffi ba. Ni dai ban taɓa ganin wanda ta aiko ya kama mini ko ƙafa ɗaya ba. Abin da muka sani nata fansho ne, shi ke sayen maganin hawan jininsa. Shi ɗin ma sai an je an nuna mata cewa mai shi bai mutu ba.

Da damina aka yi sanarwar tantancewa a Wurno, kowane tsoho ya zo da kansa, wanda bai zo ba a cire sunansa. Na aika a roƙi masu tantancewar su zo su gan shi a shimfiɗarsa. Aka ce na'urar ɗaukar hoton yatsa ba ta barin ofis, kuma ma'aikata ba sa bin hanyarmu saboda 'yan bindiga. Ban ga laifinsu ba, rai gare su. Sai dai na kasa gane yadda aka yi hanyar da ta fi ƙarfin mai lafiya ta dace da wanda ba ya iya zama sai an tallafe shi.

Motoci sun daina shigowa ƙauyenmu, sai babur. Yayana ya tuƙa, Baba a tsakiya, ni a baya. Da yake yana zamewa ta gefen da ya mutu, na kawo zane na haɗa bayansa da ƙirjina na ɗaure mu tare, na yi kulli biyu tamau a kwiɓina. Gero ya yi tsawo ya rufe hanya dama da hagu, ba ka ganin abin da ke zuwa sai ya iso.

Mun yi kamar rabin tafiya muka ji ƙugin babura, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Yayana ya karkata da sauri, muka zube a bakin gona. "Ku shige, ku shige!" ya ce, yana jan babur cikin gero don kada a gan shi. Wata mai tallar nono ta watsar da ƙwaryarta ta wuce mu a guje. Ni na yunƙura, Baba ya danne ni. Na ja, ko motsi bai yi ba, ƙafafunmu kuwa a fili suke, duk wanda ya waiwayo zai gani. Ko addu'a ta ƙi zuwa.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan kullin ba. Na dai tsinci farcena yana tonon sa, har na farko ya kwance. Zanen ya yi sako-sako, Baba ya ji. Ya juyo da kai iya yadda wuyansa ya yarda ya dube ni.

Suka wuce, uku-uku a kan kowane babur, bindigogi a kafaɗa. Ko kallon gefenmu ba su yi ba. Na mayar da kullin.

A Wurno tsofaffi ne birjik a ƙarƙashin dogon yaro, wasu a kan tabarma, wasu a jikin 'ya'yansu. Da layi ya zo kanmu na kama babban yatsansa na danna a na'ura. Ma'aikacin ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce an gama, sai an sake kira. Duka bai kai shan kofin ruwa ba.

An ce tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa duka biyun na kwaso. Kwana uku ina jinyarsa ba na haɗa ido da shi. Rana ta huɗu da hantsi ina ba shi kunu, ya kau da baki daga cokali. Maganarsa a karkace take fita, sai na sunkuya.

"Ɗiyata, in sunka sake kira, kak ki yi kulli biyu. Ki yi zarge, wanda ka kwancewa da ja guda."

"Baba, mi kaka nuhi?"

"Kin san mi nika nuhi. Ke da ɗiya ƙanana."

Na fashe da kuka na ce wallahi ba zan yi ba, inda ya kwanta nan zan kwanta. Ya buɗe baki ya karɓi kununsa. Har yau ba a sake kira ba, kuma duk sanda aka fara sanarwa a rediyo sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne, don ban sani ba ko gaskiya na faɗa masa.