Ɗorawa Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Wata rana da sanyin safiya, wata tsohuwa mai daddawa da ake kira Iya Tasalla ta doshi ƙofar wata jami'ar gwamnati. Doguwar gora a kafaɗarta, an ɗaure lauje a bakin gorar.

Ba karatu ya kawo ta ba. Wajen ɗorawarta za ta.

E, tata ce. Tun ba a san za a yi jami'a a wurin ba, gonar surukinta ce. Gwamnati ta karɓi gona, ta ja waya, ta yi gine-gine, amma aka bar ɗorawar tsaye can bayan ɗakin karatu. Shekara da shekaru ba wanda ya hana mutanen gidan shiga su tsinki abinsu.

Da kalwar bishiyar nan take yin daddawa. Daddawar da ko ni, da ba a cin ribata a kasuwa, ba na taya ta sau biyu.

Amma ranar ba tsinka ta zo ba. Kauci ta zo cirewa.

Wanda bai san kauci ba, tsuntsu ne ke kawo irinsa ya manna a reshe. Ya tsiro a jikin bishiya, yana shanye mata ruwa. In ba a sare shi duk shekara ba, a hankali yake gamawa da ita.

Da mijinta na da rai, shi ke hawa ya sare. Da ya rasu, ta ɗaura lauje a gora. Mu da muka rasa maza mun sani, aikin da mamaci ya bari ba ya jira ki gama kuka.

Sai mai gadi ya tare ta. Ya ce an yi sabuwar doka, masu gawayi sun addabi itatuwan makaranta, yanzu ba mai shiga da gatari ko adda ko lauje. Kowace bishiya an shafa mata lamba da fenti. Tata arba'in da bakwai.

Ta ce a kai ta wajen mai dokar.

Aka kai ta ofishin wani Dakta Sabi'u, na kwamitin kare muhalli. Mutumin kirki, wallahi. Ya tashi ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa. Ta ƙi zama.

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Kare bishiyar muke yi. Ba mai taɓa ta yanzu."

Ta ce, "Ɗan nan, kaucin ma kun gaya masa?"

Ya yi 'yar dariya. Ya ga ita ba dariya take ba, ya haɗiye.

Ya ce, "In na bar laujenki ya shiga yau, gobe mai gatari zai ce shi ma kauci ya zo cirewa. Amma zan rubuta wa kwamiti."

Ta ce, "Rubuta. Shi yana can yana ci."

Ta saɓi gorarta ta fita.

Ya rubuta kuwa, ba zan ɗora masa ƙarya ba. Kwamiti ya ce sai masana sun duba. Masana suka ce sai an ba su takarda. Ana cikin haka aka tafi yajin aiki, wata da watanni.

Ita kuwa duk ranar kasuwa sai ta zagayo ta bayan waya, ta tsaya tana kallo. Daga inda take tana iya ƙirga kaucin. Dunƙule huɗu. Shekara ta zagayo, sha ɗaya.

Rannan tana tsaye aka zo da baƙi, da ɗalibai sanye da koren riguna. Aka jera a gindin ɗorawar ana ɗaukar hoto. Ta ji wani yana cewa a dubi yadda bishiyar ta yi kore shar tunda aka hana taɓa ta.

Aka tafa.

Koren da suke tafa wa, na kauci ne.

Ta ɗaga murya ta bayan waya, "Bayin Allah, ba ganyenta ba ne!" Wata ɗaliba ta juyo, ta ɗaga mata hannu da fara'a, ta zaci gaisuwa take.

Shekara ta uku ɗorawa ba ta yi fure ba. Damina na sauka, iska ta karya babban reshe, ya faɗo daf da inda ɗalibai ke zama. Nan da nan kwamiti ya zauna. Kwana biyu aka zo da injin yanka, aka kayar da ɗorawar.

Dakta Sabi'u da kansa ya sa aka loda mata itacen a kura, aka kai har ƙofar gidanta. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Matar da ko goro ba ta roƙo. Ta tsaya ta daɗe tana kallon kurar nan. Ta so ta ce a mayar.

Amma dahuwar kalwa wuni take ci tana kan wuta, kuma ba ta da icce.

Ta ce a sauke.

Yanzu kalwar kasuwa take saye, ta bishiyar wasu, tana dafawa da gaɓoɓin tata. Maƙwabta sun ce in ta iza wutar, juya baya take yi.

Darasi: Kafin ka kare abu, tambayi wanda ya raya shi har ka zo ka tarar. Ba kowane mai lauje ne ɓarawon itace ba, kuma ba kowane kore ne lafiya ba.

Ku tura wannan gaba, don Allah. Ni ba ni da kowa a kwamiti, ƙila ku kuna da shi. Akwai sauran ɗorawa a bayan wayar nan, kuma tsuntsaye ba su daina sauka ba.