Ƙaguwar da Ohaj Bai Fasa Ba

Ohaj ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana fasa ƙaguwa. Ba manyan nan da ake ci ba, 'yan ƙananan da ke shigewa katantanwar da mai ita ya mutu, su riƙa yawo da ita a bakin teku kamar su suka gina. Duk masuncin Sawakin ya san aikin: ka ɗora a dutse, ka ƙwala, ka zare wutsiyar nan mai laushi ka soka a ƙugiya. Kifi ba ya yi mata gardama. Da ƙaguwa na da kotu, da tuni an rataye Ohaj.

Sai ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke daga gwiwa. Aka sayar da kwalekwalensa, 'yarsa Madina ta ɗauko shi zuwa gidan mijinta a Bur Sudan, can bayan gari inda ko ƙarnin teku ba ya isowa. Aka share masa ɗakin da ake ajiye gawayi. Surukin mutumin kirki ne, yana gaishe shi safe da yamma, irin gaisuwar da ake wa baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba.

Wata Juma'a Onur, abokin kamun kifinsa, wanda bakinsa ya fi ƙugiyarsa kaifi, ya zo da gwangwanin tumatir ya dire masa a cinya.

"Ga 'yar'uwarka na kawo maka. Ita ma a gidan wani take zaune."

"Allah ya shirye ka, tsohon banza. Me zan yi da abincin kifi, ba kifi ba teku?"

"Ka fasa ta mana, ka tuna da."

Ohaj ya leƙa. Ƙaguwar ta miƙo idanu ta dube shi, ta koma ciki ta toshe ƙofa da hannu ɗaya. Bai fasa ta ba.

Ya sa aka samo masa akwatin gilashin wani mai alewa, wanda ya tsage ta gefe. Onur ya kawo yashin bakin teku rabin buhu, Ohaj ya jiƙa ya zuba har ya shanye tafin hannu. Ya binne finjalin gahawa biyu zuwa baki, ɗaya ruwan sha, ɗaya ruwan teku. Ya jingina guntun itace don hawa, ya jera katantanwa iri-iri, ko za ta so sauya gida, tunda ita ba ta da suruki. Ya huda murfin kwali ya rufe. Abinci kuwa dabino da busasshen kifi. Suna ya sa mata 'Yar Haya.

Daga nan mutumin da ke wuni yana kallon rufin kwano ya sami dalilin tashi. Yana yayyafa wa yashi ruwa, yana ba ta labarin kifayen da ya kama, yana ƙara musu tsawo, ita kuma ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Kowace Juma'a Onur na kawo gorar ruwan teku, Ohaj ya fara shinshinawa kafin ya zuba.

"Baba, ɗakin nan ƙarni yake," in ji Madina. "Maigidan ya fara magana."

"Ƙarnin nan shi ya raine ki, 'yar nan. Ki bar mini abu ɗaya."

Ta bar masa.

Ana cikin azumi 'Yar Haya ta ɓace. Dabino ya bushe inda aka ajiye, ba sawu a yashi. Ohaj ya daure, ya daure, ranar jajibere haƙurinsa ya ƙare, ya sa cokali ya tona. Can ƙasa ya ci karo da katantanwar, ga ƙafafu da hannuwa zube a bakinta, sakayau kamar ɓawon gyaɗa. Ya juya katantanwar, bai ga motsi ba. Mutumin da ya ga gawar ƙaguwa fiye da gashin kansa ba ya buƙatar shaida.

"Madina, zo ki kwashe. Ta mutu."

Ranar ce ake zuba sabon yashi a tsakar gida don Salla. Madina ba ta ga dalilin asarar yashi mai kyau ba, ta juye na gilashin gaba ɗaya a gindin randuna ta baje.

Da la'asar Onur ya iso da gorarsa, ya sami Ohaj a inuwa bisa gadon igiya, sandarsa jingine da bango can nesa. Yana cikin yi masa ta'aziyyar shaƙiyanci, wai sadakar uku da dabino za a yi ko da kifi, sai Ohaj ya damƙe masa hannu. A gindin randa katantanwar tana motsi. Wani abu fari-fari mai laushi ya fito a hankali, yana lalube kamar jariri.

"Da ranta," in ji Ohaj. "Onur, tashi."

Onur na neman takalmi, Ohaj ya yunƙura ya manta ƙafa ɗaya gare shi, ya kife a sabon yashi. Kazar Madina ba ta manta komai ba. Sara biyu ta yi, ta zare ta kamar yadda shi ya saba zarewa, ta ruga bayan ɗaki.

Onur ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa gemu. Sannan ya tambaye shi:

"Ashe saɓa suke yi, kamar maciji? Kai da ka tsufa a kansu ba ka sani ba?"

"Ina zan sani? Ban taɓa barin ɗaya ta kai gobe ba."

Da safiyar Salla Madina ta wanke gilashin tas, ta jera cincin da alewar baƙi a ciki. Surukin ya yaba, ya ce gidan ya yi ƙamshi.

Onur ya ce Juma'a zai kawo wata, bakin teku cike yake da su.

"Bar su inda suke," in ji Ohaj. "Gorar dai ka riƙa kawowa."