Ɗinkin Takalmi a Bakin Kwazazzabo

Shekara talatin da ɗaya Baba Basilla ya yi a ƙarƙashin matakalar wani bene, kan 'yar gajeriyar kujera, yana gyaran takalma. Yakan gane mutum ta dunduniya kafin ya ɗaga kai ya ga fuska. Da 'yan ƙungiyar masu hawan dutse suka fara kawo masa manyan takalmansu, sai ya riƙa tambayar inda suke zuwa suna cinye su haka. Tun suna ba shi labari har suka ja shi cikinsu, ya shekara biyu yana bin su ƙananan tuddai ranar hutu.

Da maganar tafiya ƙasar waje hawan wani babban dutse ta taso, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta tuna masa cewa ko tsani ya hau zai canja ƙwan fitila, sai ta riƙe masa. Ƙaninsa ya ce tsufa ne ya zo masa da gardama. Jirin da ke ɗibarsa in ya leƙa ƙasa daga sama kuwa, bai taɓa gaya wa 'yan ƙungiyar ba.

Su tara suka tafi. A kwana na huɗu, da hantsi, suna kan wata siririyar hanya da ba ta kai faɗin tabarma ba, dutse a dama, kwazazzabo a hagu, sai gajimare ya sauko ya rufe su. Ɗan jagoransu, mutumin ƙasar, ya ce kowa ya riƙe igiya, kada a tsaya. Don gudun kallon hagu, Baba ya kafa ido a diddigen wata malamar makaranta da ke gabansa. Nan ya ga tafin takalminta ya ɓalle, duk taku sai ya wangale.

Kafin ya yi magana ta zame. Gwiwarta ta bugi dutse, ƙafa ɗaya ta yi lilo a sarari, igiya ta fizgi kowa. Tsakuwar da ta ture ta gangara, ba wanda ya ji saukarta.

Da ƙyar aka jawo ta. Ɗan jagora ya naɗe takalmin da salatif, laima ta hana shi kamawa. Ya ce saura tafiyar awa guda a wannan hanya, ga ruwa na tahowa, kuma mai safa zalla ba zai taka jiƙaƙƙen dutse ba.

Baba ya laluba aljihun jakarsa ya fito da basilla da zare. Wurin zama ɗaya ne, shi ma sai ƙafafunsa sun fuskanci ramin. Ya zauna, ya matse takalmin tsakanin gwiwoyinsa. Yatsunsa sun sandare, huda ta farko a babban yatsansa ta sauka.

"Baba, hannunka rawa yake," in ji malamar.

"Sanyi ne, 'yata. Riƙe min bakin zaren nan."

Ya san ba sanyi kaɗai ba ne. A huda ta shida basillar ta suɓuce ta mirgina. Ya danne ta da tafin hannu dab da gefe, idonsa ya faɗa cikin ramin. Ya runtse ido har numfashinsa ya dawo, sannan ya ci gaba. Mai kantin magani, shugaban tafiyar, sai tambaya yake ko an kusa. Baba bai ko dube shi ba. Yayyafi ya fara sauka yana ƙulla zaren ƙarshe da haƙori.

Ba su kai ƙololuwa ba ranar. Suka lallaba suka sauka, malamar na ɗingishi, Baba na bayanta yana duban ɗinkinsa taku bayan taku. A masauki aka miƙa masa shayi, rabi ya zube masa a wando. Ya kwanta tun la'asar, ko jaka bai kwance ba.

Da safe ɗan jagora ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, riƙe da nasa takalman. Ba su jin yaren juna sosai, sai ya nuna masa dunduniyar da yatsa. Baba ya karɓa, ya juya su, ya girgiza kai, ya nemi a kawo masa kujera.