Zabirar Babana

Shekarar da na gama lakwal, saura kaɗan Faransawa su tattara su tafi, madam shugabar makarantarmu ta kira ni ofishinta. Ta ce gurbi biyu gare ta a Yamai, in zaɓi ɗaya. Ko in koyi aikin jinya, ko in koyi aikin nan sabo na shiga gidaje ana yi wa mata bayani a kan goyo da tsabta. Na biyun ta fi so mini, wai don bakina ba ya gajiya. A nan kam ba ta yi ƙarya ba.

Abin da ba ta sani ba, babana wanzami ne. Rabin jariran unguwarmu ta Zango shi ya yi musu aski ranar suna, shi ya cire musu beli, ɗan naman nan na maƙogwaro. Masu shiga gidajen kuwa, abin farko da ake koya musu su hana ke nan. In na ɗauki aikin, ni zan riƙa bin sawunsa gida gida ina ce wa mata kada su ba shi 'ya'yansu. Kwana uku ina juya abin, tuwo ma ba ya shiga. Ban gaya wa kowa ba. Na zaɓi jinya, kuma tsoro ne ya zaɓa mini, na yi zaton bangon asibiti zai raba ni da maganar.

Baba ya yi murna har ya ba ni kunya. Duk wanda ya zauna a gabansa aski sai ya ji cewa 'yarsa ta gaji sana'ar gidan, sai dai ita da farar riga.

Na dawo Damagaram, wata huɗu da kama aiki, aka kawo jaririya 'yar kwana takwas. Jini na fita ta bakinta tun jiya, ta yi fari, ko kukan kirki ba ta iya yi. Na san uwar, gidansu bai fi zaure biyar da namu ba. Likitan Bature ne, ni ce mai yi masa tafinta. Ya duba maƙogwaron, ransa ya ɓaci, ya ce in tambaye ta wa ya yi wannan aikin, zai kai maganar gaban kumandan mai mulkin gari.

Matar ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

"Ai kin sani, 'yar wanzam," ta ce.

Na juya na ce wa likita wani baƙo ne mai yawo, ba ta san inda ya nufa ba. Jaririyar ba ta kai la'asar ba.

Na yi fushi da Baba, na yi fushi da madam, amma wadda na fi jin haushi ni ce. Da ɗayan aikin na ɗauka, da na riga shi shiga gidan nan. Na koma gida da niyyar in yi masa magana, na tarar ya dawo daga jana'izar, idonsa ja, yana cewa kwananta ne ya ƙare. Sai bakin nan nawa ya mutu.

Bayan kwana shida aka tashi da wani sunan a unguwa. Da hantsi ina shirin fita aiki, Baba ya tsaya a tsakar gida yana gyara rawani.

"Miƙo mini zabirata, uwata," ya ce.

Tana rataye a jikin ƙofa, kusa da hannuna. Na ɗauko na miƙa masa.