Ɗanjummai Mai Zuma, Kunnen Garinmu

Raina gargaɗin mutum don rigarsa ta tsufa mugun hali ne, kuma na ga inda ya kai mai shi. Amma ba mai rainin zan fara ambata ba. Ɗanjummai zan ambata, mai zuma, na ƙauyenmu da ke yamma da Runka.

Shekara shida ke nan, kullum in an shafa addu'ar asuba, sai ya ɗauki gorar ruwa da guntun ƙarfe ya hau dutsen bayan gari. Can bisa akwai tsamiya, ya rataye tsohon bakin garma a reshenta. Nan yake yini, ya ba daji fuska. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke ba shi ko goro.

Tun da mutanen daji suka fara aiko ƙaramin jirgin nan maras matuƙi ya leƙa gari kafin su shigo, kunnuwanmu suka kasa. Ƙararsa da ta taron ƙudan zuma duk ɗaya muke ji. Ɗanjummai kuwa shekara arba'in yana ɗora amya a itace. Ya ce mana ƙudan zuma in sun taso ƙararsu na hawa tana sauka, kamar mai numfashi. Wannan abin ba ya numfashi. Kuma kafin ya iso, tsuntsaye ne ke fara yin tsit.

In ya ji haka, bugu uku yake yi wa garmar. Mata su kwashe shanya, a kora dabbobi ƙarƙashin itatuwa, a tura babura zaure. Ba gudu, ba ɗaga kai sama. Mamman mai shago ya je gindin kuka, inda waya ke kamawa, ya sanar da jami'an tsaro. Na sha zama a zaurena da tsakar rana, gari shiru kamar an kwashe mutanensa, inuwar abin tana bin tsakar gida a hankali, ta tsaya kan rumbu, ta daɗe, ta wuce.

Kai ne, Ɗanjummai, ka hana mu zama abin ƙirgawa. Hansai, ɗaya daga matan garinmu, ta shaida ranar da ka buga garma tana kan hanyar rafi da mata tara. Suka shige ƙarƙashin ɗorawa, abin ya yi shawagi bai ga kowa ba. Esther, ita ma ta garinmu, ta shaida ranar da zazzaɓi ya kama ka, ka hau dutsen nan kana rarrafe, ta ce ka sauko, ka ce wanda zai zo ba ya tambayar lafiyarka.

To, sai Daudu. Daudu mutum ne mai shanu, mai baki kuma. A majalisa yakan ce tsoho ya sha hayaƙin amya har ƙudan zuma sun tare masa a kunne. Wata Talata da hantsi ya jiƙa wa shanunsa kanwa a fili, sun kewaye komi suna sha, sai garma ta yi kuka sau uku. Ƙanensa Musbahu ya ce a kora su gindin itace. Daudu ya ce ba zai bar kanwar da ya jiƙa ta lalace saboda mafarkin mai zuma ba. Abin ya zo ya tsaya daidai kansu. Daudu ya cire hula ya ɗaga masa, yana dariya.

Da Ɗanjummai ya sauko da yamma bai yi faɗa ba. Ya tsaya ƙofar gidan Daudu ya ce, "Daudu, abin nan ya daɗe a kanka. Ka kai shanun nan Safana gobe, kai da iyalinka."

"Baba, koma wajen ƙudajenka," in ji Daudu.

Ranar Asabar bayan la'asar garma ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, alamar mutane ne tafe, ba jirgi ba. Gari ya watse cikin dawa. Mutanen daji suka shigo ta ƴar hanyar bayan dutse wadda baƙo bai san ta ba, ba su tsaya ƙofar kowa ba sai ta Daudu. Musbahu, da ya koma kwance shanu, daga baya ya ce babbansu ko kallonsa bai yi ba, tambaya ɗaya ya yi: ina jan bijimin nan mai karyayyen ƙaho.

Bana kunnen Ɗanjummai na hagu ya fara nauyi, shi da bakinsa ya faɗa a masallaci, bai jira an gano ba. Hansai da Esther yake koya wa sauraro, suna karɓa-karɓa a kan dutse. Mun gode, Ɗanjummai. Allah ya saka maka, ya ba ka hutun da ka hana kanka. Ku kuma na Yasore da Tsaskiya, kowane gari yana da mai kunne. Ku nemo naku, in ya yi magana ku ji.

Daudu dai shanunsa goma sha ɗaya suka tafi, da babur ɗaya, rumbu biyu suka ƙone. Musbahu ya kwana hamsin da uku a hannun mutanen daji, ya dawo ƙafarsa ta dama ba ta takuwa.