Jan fentin da ke kan noti

Albasa nake saye a Garou, in loda ta zuwa Kwatano. Da buhu ɗaya a bayan keke na fara, har na kai ina sayo wa manoma injin ban-ruwa, su kuma in sun cire albasa ni suke fara kira. Wanda na fara yi wa haka kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, mai gona a bakin kogi.

Wurin wani Alhaji mai kanti a kasuwar Malanville na sayi injin. Mun daɗe muna sallah a sahu ɗaya. Ya dafa injin ya ce, "Garanti wata shida. Ko tari ya yi, maido mini."

Bai kai rabin haka ba ya tsaya, daidai lokacin da albasa ke yin kai, ƙasa na neman ruwa. Kawu bai kira ni ba. Ya yi abin da kowa ke yi a Garou: ya aza injin a babur ya kai wa bakaniken gari. Shi kuma ya kwance, ya ce wani ƙarfe ne a ciki ya zo da tsaga, ya mayar ya ɗaure.

Da muka kai wa Alhaji, ko ƙarfen bai tambaya ba. Notuna ya bi da yatsa. Ashe a kan kowanne akwai ɗigon jan fenti, duk sun fashe.

"An buɗe shi," in ji shi. "Waɗanda suka ba ni ba za su karɓa ba, ni ma haka."

Kawu ya ce, "Alhaji, in ɗanka ya suma, sai ka jira likita ya taso daga Kwatano?"

"Baba, ai ɗana bai zo da garanti ba."

Mutanen kanti suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce sai na kai shi ƙara wurin jandarma. Kawu ya riƙe mini hannu, ya ce ba a kai abokin sahu can. Muka yanke a kai maganar gaban dattawan kasuwa, sai muka tarar babbansu ya ƙetare kogi gaisuwar mutuwa.

A hanya Kawu ya ce, "Ɗana, bar wannan. Nemo mini wani injin, ko na haya."

Na ce ya ɗan lallaɓa da na maƙwabci. Lissafina shi ne, in Alhaji ya ji ruwa na gudu a gonar, zai ce wa dattawa ba mu yi asarar komai ba. Na san Alhaji, kuma har yau ina ganin haka zai ce. Abin da ban sani ba, maƙwabcin sai ya gama tasa gonar yake ba da aro, ruwan ba ya kai ko rabin ta Kawu.

Babban ya daɗe kafin ya dawo, sannan aka zauna. Tambaya ɗaya ya yi: "Ranar ciniki ka nuna musu fentin?" Alhaji ya amsa cewa bai nuna ba. Aka ce ya ba da sabo, ya bayar.

Da kaina na kai injin Garou. Ganyen albasa ya riga ya kwanta, ya yi rawaya. Na tona ɗaya, ba ta fi goro ba. Kawu ya ja igiya, injin ya tashi, ruwa ya bi kwalbati ya shiga fangalin da ba sauran abin da zai sha. Ya daɗe yana kallo.

"Lafiyayye ne," ya ce. "Ka yi ƙoƙari."

Bai taɓa ƙara mini kalma a kai ba. Da rani ya zagayo ya shuka, albasa ta yi kyau. A bakin wani direba na ji cewa wani ɗan kasuwa daga Gaya ne ya loda ta.