Har Kyanwar Ofis An Gode Mata, Ban da Abu Sanad

Kullum shi ke riga kowa zuwa. Ya hawo matakalar ofishinmu da ke unguwar Luwaibda yana haki, ledar falafel, ƙosan Larabawa, a hannu, ya ɗora gahawa, ya kunna kwamfuta, sannan ya shiga wasan kartar da muke ƙerawa ya yi ta lalata shi da gangan. Ya kashe intanet ana tsakiyar rabo. Ya danna kati biyu lokaci guda. Ya ajiye waya ya tafi alwala, ya dawo ya ga me wasan ya aikata a bayansa. Kafin mu iso ya riga ya tono abin da zai ɓata mana yini, kuma da murmushi yake faɗa, wanda shi ya fi ƙona min rai.

Abu Sanad muke ce masa, da sunan babban ɗansa. Ni Ghadir, zane nake yi a kamfanin, kuma in an yabi wasa mu ake yabo: kyan tebur, ƙarar kati. Nasa aikin ba ya ganuwa. Shi ke tsara dokokin ciki: wa ke jefawa bayan wa, yaya za a jira mai jinkiri, me zai faru in wani ya fice. In ya yi daidai babu mai lura. In ya kuskure, har iyayensa ake zagi a wurin sharhi.

Tarnib, wasan kartar tamu, na mutum huɗu ne, biyu-biyu, kuma in intanet ɗin ɗaya ya yanke kwamfuta ke hawa kujerarsa. Manajanmu, Ustaz Nidal, ya ce a sa ta ƙware sosai. Ina wurin lokacin da Abu Sanad ya ajiye kofi ya ce, "Ustaz, in ta fi mutum iyawa, kowa zai koma addu'ar intanet ɗin abokinsa ya mutu. Surukai za mu raba." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Makonni ya ɗauka yana koya wa kwamfuta kuskure irin namu: ta yi jinkiri, ta yi rowar babban kati har ya tashi a banza a hannunta.

Bassam mai karɓar ƙorafi shi ke ba da labarin azuminmu na farko. Da an kira magariba kowa ya jefar da waya ya nufi faranti, wasan kuma ya ɗauka gudu suka yi, ya zabtare musu maki. Zagi ya yi ta shigowa daga Irbid har Kasablanka. Abu Sanad ya ce, "A gidan gahawa, in mutum ya tashi shan ruwa, kwashe masa kati ake yi?" Ya zauna ya sa kowane tebur ya san magaribar garin kowane ɗan wasa, ya jira shi ya sha ruwa. Kai ne ka koya wa na'ura kara, Abu Sanad, abin da wasu masu rai suka kasa koya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Muna dab da fitar da sabon wasa, wanda shi ya gina ƙashinsa tun daga tushe, mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki a garinsu, Karak. Shi kaɗai ne namiji. Ya ajiye aiki ya koma gida, da niyyar neman wanda zai riƙa yi daga can.

A sana'armu akwai wata muguwar al'ada: wanda ya tafi kafin wasa ya fita, ba a sa shi cikin sunayen da ake jerowa a ƙarshe. Kuma sunayen nan ba ado ba ne. Su ne shaidarka. In ka je neman aiki, can ake fara dubawa.

Wasa ya fita. Na zauna ina kallon sunaye suna haurawa. Ga nawa, ga na Bassam. Ga godiya ta musamman ga mai kawo mana kayan zaƙin nan, kunafa. Wallahi har Zaituna, kyanwar ofis, an gode mata! Na shiga wurin Ustaz Nidal ko sallama ban yi ba.

"Ustaz, kyanwa ta shiga, Abu Sanad bai shiga ba?"

"Haba Ghadir, kyanwar ai raha ce. Haka ake yi ko'ina, ba ni na ƙirƙiro ba. In na buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, duk wanda ya taɓa shan shayi a nan zai zo."

"Shayi ya sha? Shayi?"

Ya ce zai duba. Har yau dubawa yake.

Ba a yi mako ba wasan ya fara cijewa: in mutum biyu suka fice tare, tebur ya sandare, sauran su yi ta zaman jira. Aka yi ta fama, aka rasa kansa. Wa kuke tsammani aka kira? Da na ji shi za su nema, na riga su buga masa waya. Yana barandar asibiti, ina jin ana tura keken marasa lafiya.

Na ce, "Abu Sanad, don Allah kada ka taɓa musu komai sai sun sa sunanka. Yau ce ranarka!"

Ya ce, "Ƙanwata, yanzu haka akwai dattijo a wani gari riƙe da waya, yana zaton tasa ce ta lalace. Shi me ya yi min?"

"Kai kuma me ka yi musu da za su share ka?"

"Bari in gyara tukuna, sai mu yi faɗan."

Ya gyara kafin la'asar, kwamfuta a kan cinya. Faɗan kuwa bai taɓa yi ba. Kai ma fa ka cika ban haushi, bawan Allah! Watan jiya wani kamfani a Dubai ya yi hira da shi, suka yaba, sannan suka duba sunayen wasan ba su gan shi ba. Suka ce abin da ya faɗa bai yi daidai da abin da suka gani ba. Mutumin da ko maki ɗaya bai yarda a cuci baƙo ba, shi aka kalla a matsayin maƙaryaci.

Mun gode, Abu Sanad. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya buɗa maka inda ba ka zato. Ku kuma matasa masu shigowa sana'ar nan, ku koyi aikinsa da tausayinsa ga mutumin da ba zai taɓa gani ba, amma shirunsa ku bar masa kayansa.

Masu ɗaukar aiki, ba ni da ikon taɓa sunayen cikin wasa, amma wannan shafin nawa ne. Ni shaida ce, Bassam shaida ne. Wanda ya tsara wasan nan, Abu Sanad, wato Mu'ayyad Falah Ar-Rawashda ne, yana Karak a gefen gadon mahaifiyarsa, kuma wayarsa a kunne take.